Sandunan da Baba Aulis Ya Take

Inna Tuovi, ki taimaka mini, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni ne shugaban masu share dusar ƙanƙara a ɗan filin jirginmu na nan Lapland. Kafin dusar farko mukan kafa jajayen sanduna a gefen titin jirgi, don mu gane inda fitilu suke in ta binne su, sannan mu jera motocin share dusar mu yi gwaji a busasshen titi. Baba Aulis ke jan gaba, shekara talatin ke nan. Shi ya koya mini tuƙi.

A gwajin bana ya take sanduna huɗu da rana tsaka, bai ma sani ba. Ni ke bayansa, ni kaɗai na gani. Na miƙar da su na yi gum har kwana uku, ina ta hango jirgi cike da mutane yana neman titin da aka farfasa wa fitilu. Na kasa daurewa, na kai rahoto ofis. Aka sauke shi daga mota, likita ya duba, ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. An yi masa aiki, yanzu ya fi ni gani. Hankalina ya kwanta ƙwarai.

Sai dai wata biyu bai ce mini uffan ba. A sauna ma, ɗakinmu na wankan tururi, ina shiga yake fita. Shekaranjiya kuma na tarar da ƙyafaffiyar cinyar barewa rataye a ƙofata, da irin ƙullin igiyar da shi kaɗai ke yi. Ba takarda. Yafiya ce ko sallama?

Na Bayan Baba

Ɗana, ka yi daidai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ka ceci fitilu ka ceci idonsa. Amma ka yi kuskure ɗaya: da ka same shi tukuna kafin ofis. Mutumin da ya koya maka tuƙi ya ji labarin idonsa a bakin wasu, dole abin ya yi masa ciwo. A kan wannan za ka ba shi haƙuri, ba a kan rahoton ba.

Batun nama kuwa, dattijon arewa ba ya ɓata hayaƙinsa a kan wanda ya sallama. Ya riga ya yi magana, kai ne ka tsaya jiran takarda. Ɗauki cinyar da gahawa ka tafi gidansa, ka yanka a gabansa. In ya ƙwace wuƙar ya ce har yanzu ba ka iya komai ba, to kun shirya.

Allah ya sa jiragenku su sauka lafiya.

Inna Tuovi