Motar Ruwan Wankin Ƙoda

Litinin, 4 ga Maris
Rediyo ya tabbatar: maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka za su fice daga ƙungiyar kasuwanci ƙarshen watan gobe. Da farko ban damu ba. Sai a asibiti nas take gaya min ruwan da ake wanke wa mai ɗakina ƙoda da shi, ta tashar jiragen ruwansu yake shigowa. Na fara tambayarta, to idan motoci suka maƙale a iyaka fa... Ban ƙarasa ba. Ita ma gyara robar hannun mai ɗakin kawai ta yi.

Alhamis, 7 ga Maris
Auta ta dawo daga ma'aikata, wai gwamnati ta kafa kwamitin shiri, an sa ta ɓangaren magunguna. Na ce madalla, an samu wurin shan shayi. Uwarta ta harare ni. To ƙarya na yi? Likita na so yarinyar nan ta zama, ta zaɓi tebur da fanka.

Asabar, 23 ga Maris
An tura su Auta iyaka. Ta tafi da ƙaramar jaka, ta manta cajarta.

Laraba, 10 ga Afrilu
Asibiti sun fara tattalin ruwan, sun rage wa kowa lokaci a kan na'ura. Ƙafafun mai ɗakina sun kumbura, silifas ya ƙi shiga. Ko a jikinta, har zolayata take wai ta kusa kamo ni a girman takalmi. Nas ta riƙe mana gadon da ke kusa da taga ba tare da mun roƙa ba. Allah Ya saka mata.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Auta ta kira, murya duk ta dishe. Ta ce wakilan can sun kafe, ba motar da za ta wuce sai an sauke kayanta an bincika. Ita ce ta tuna wa shugabanta cewa iskar numfashin asibitocinsu daga wajenmu take tafiya, su ma suna da marasa lafiya. A kan haka ake ta zama. Na ce ta riƙa cin abinci.
"Baba, ya ƙafar Mama?"
Na ce da sauƙi. Ba ta yarda ba, ta san halina.

Laraba, 1 ga Mayu
Sun fice jiya. Manyan motoci sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshe, amma an buɗe wa kayan asibiti hanya ta dabam, shiga da fita. Tamu ta iso da azahar. Ina tsaye a bakin sito aka sauke jarkokin. Na rasa wa zan gode wa, sai na riƙe hannun direban, bawan Allah ya yi ta kallona. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 10 ga Mayu
Kumburi ya sauka. Auta ta dawo a rame, barci ya kwashe ta a kujerar falo da takalmi a ƙafa. Na kashe rediyo, na kori masu ƙwallo daga ƙofar gida.
Ɗazu a shagon aski wani yake cewa 'yan kwamitin nan ba su tsinana komai ba. Ban san lokacin da na miƙe da kumfa a haɓa ba. Mai aski ya ce, "Malam, ai ba mu san 'yarka na ciki ba." Na ce yanzu kun sani.
Zafin rana ne, ina jin. Kada dai mai askin ya kai wa mai ɗakina labari.