Wanda Ya Guje wa Guduma

Alƙaliyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Ya jikin mai jego? Ya kuma sabon angon naki da ya ƙwace min mata tun bai buɗe ido ba? Allah ya raya shi. Ki gaya masa ina nan ina jiran sa.

Na san za ki ce me ya kawo takarda alhali ga waya. Duk sanda na kira, kukan jariri nake ji da ƙarar famfo, ke kuma kina ta "to, to, sai an jima." Maganar da ke bakina ba ta "to, to" ba ce. Gida lafiya. Ina ba shukokinki ruwa, amma ta bakin taga ta bushe, kuma na rantse ba da hannuna ba.

Shekaranjiya ina shago ina ɗora wa wani katifa a kan mota, sai ga mutanen talabijin. Shugabarsu wata mace ce mai gilashi, mai ladabi ƙwarai. Ta ce suna shirya fim a kan 'yan damben boksin ajin masu nauyi na zamaninmu. Ta kuma ce hukumar dambe za ta jera hotunan gwarzaye a bangon sabon zaurenta, kuma kan 'yan kwamitin ya rabu a kaina. Wasu sun ce na riƙe kambu, ba a taɓa kai ni ƙasa ba. Wasu sun ce wanda ya ajiye kambu don kada ya haɗu da Guduma ba shi da wuri a bangon nan. Suna jira su ji abin da zan faɗa a fim ɗin.

Kin san dai yadda wannan magana take bin mu. Sunana Katanga ne a fili, amma a bayan ido Sarkin Zilliya. Har yau direbobin tashar gaban shago suna cewa sana'ar katifa ta dace da ni, tunda na fi kowa tsoron faɗuwa a wuri mai tauri. Ina dariya tare da su, amma Allah ya sani abin yana ci min rai.

Jiya sai ga Dillali, tsohon manajana, da sandarsa da turarensa mai hawa kai. Ya zauna a kan katifar da ta fi kowace tsada, ya ce dama ta zo. Wai in ce mutanen Guduma ne suka yi ta kawo sharuɗɗan da ba za su yiwu ba har wasan ya rushe. Ya ce duk waɗanda suka san gaskiya sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa Guduma ciwo ya ci ƙarfinsa, ko magana ba ya iya yi sosai. Babu mai ƙaryata ni.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar ta shige ni. Ba don kaina kaɗai ba. Angon nan naki zai girma ya kalli fim ɗin, kuma ba na son a riƙa ce masa jikan matsoraci.

Ke ce kika tsai da wannan wasan, shi ya sa nake ce miki Alƙaliya. Ina tuna ranar da kika ja ni asibiti duba mutumin da Guduma ya doka a wasansa na baya, muka tarar matarsa tana goge masa yawu. Da muka fito kika tsaya a bakin ƙofa, da cikin mai jegon nan ya yi miki nauyi, kika ce in na sa hannu a takardar wasan in nemi wata mai goge min nawa. To, yanzu me kika gani?

Ki gai da surukinmu da kowa da kowa.

Naki,
Katanga


Alƙaliyata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai jego da angonki. Na ji daɗi da kika ce cibiyarsa ta warke. Ki yi haƙuri da rubutun yau, duk ya karkace. Hannuna na dama ya kumbura, kuma za ki ji dalili.

Amsarki ta iso, gajeriya kamar yadda kika saba. Kin ce bakina nawa ne, in faɗi abin da na ga dama, amma kada in faɗi komai a kan mutum sai na je na dube shi ido da ido. Da na gaya wa mai gilashi, murna kamar ta yi tsalle. Ashe dama abin da take so ke nan, ta haɗa mu a hoto ɗaya.

Gidan Guduma ƙarami ne, a bayan wata makaranta. 'Yarsa ce ke kula da shi, malamar asibiti ce, ta gado tsayinsa. Falon yana warin man zafi. An kwashe darduma an ɗaure igiya a jikin bango don ya riƙa dafawa. Kambunsa yana kan firiji, an ɗora masa kwalaben magani. Shi kuma yana kan kujera kusa da taga, an shimfiɗa masa tawul a cinya.

Alƙaliya, da ƙyar na gane shi. Mutumin da nake mafarkinsa in farka da gumi, shi ne wannan. Kafaɗun suna nan, amma hannayen sai rawa suke yi, fuskar ba ta motsi. Na gaishe shi, idonsa ya tsaya a kaina, leɓensa ya motsa, ban ji komai ba.

Mai gilashi ta so mu miƙe mu fuskanci juna, kowa ya dunƙule hannu, irin hoton da ake ɗauka kafin wasa. 'Yar ta kama shi ta nan, wani ya kama ta can, ya ƙi ɗaguwa. Ta ce haka ciwon yake, wani lokaci jikin sai ya daskare, yana son tashi amma ƙafar ba ta jin kira. Gumi ya keto masa. Ga fitilu, ga baƙi sun zuba masa ido. Na ga kunya a idon mutumin nan, raina ya ɓaci.

Ban san lokacin da na matsa gabansa ba. Na ɗaga tafukana biyu kamar yadda koci yake yi wa ɗan dambe a wurin atisaye, na daka masa tsawa irin tasu: "Tashi! Hagu, hagu, dama!" Wallahi sai ga Guduma a tsaye. Babu wanda ya taɓa shi. Ya sa ƙafar hagu gaba, ya sunkuyar da haɓa, rawar hannun ta tsaya cak. Hagu biyun suka zo a hankali. Sai damar ta biyo.

Na ji ta har cikin haƙorana. Tsoho, mara lafiya, ba safar dambe, ba ƙarfin ƙugu, amma sai da na ja da baya na bangaje fitilarsu. Na yi ta ja da baya ina kira, yana bi na yana duka, har muka kai ƙofar kicin. 'Yar ta rufe baki tana kuka. Ta ce rabon da ya taka falon nan ba tare da an riƙe shi ko ya dafa igiya ba tun bara.

Da aka zaunar da mu, mai gilashi ta yi min tambayar da kowa ke jira. Dillali yana tsaye bayan kyamara yana ta ƙifta min ido. Na dubi hannuna da ya fara tashi, na dubi Guduma. Na ce babu wani sharaɗi da suka kawo, ya neme ni a ko'ina, ni ne na guje shi. Na ce na guje shi don ya fi ni, kuma matata ta gane haka kafin ni. Na ɗaga hannun na nuna musu, na ce wannan ta tsufa ce, su auna ta ƙuruciya.

Dillali ya fita ko sallama babu. Ni kuwa na dawo gida na tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, na ci abinci har da ƙari.

Ki shafa min kan angon.

Naki,
Katanga


Alƙaliyata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gajiyar reno ba ta yi miki yawa ba. Na gode da hoton. Hancin nawa ne, kada ku yi min gardama.

An nuna fim ɗin, kwamiti kuma ya zauna. Babu ni a bangon. Sun aiko min da takarda mai daɗin baki, na ajiye ta a aljihun tebur. Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar na rufe shago da wuri na zauna ni kaɗai a cikin katifu, abin ya yi min ciwo. Na sha duka a sana'ar nan, na kuma yi nasarori na gaskiya, amma yanzu na san da abu ɗaya za a riƙa tuna ni. Direbobi sun samu na yi. In na wuce sai su ɗaga tafuka su ce hagu, hagu, dama. Ɗaya daga cikinsu dai ya biyo ni ya sayi katifa bai nemi ragi ba.

Yanzu duk ranar da babu ciniki sosai ina zuwa gidan Guduma. 'Yarsa ce ta roƙe ni. Ta gwada ɗaga masa hannu da kanta, ya ƙi dukan ta, wai ba zai taɓa 'yarsa ba ko da wasa. Na tono tsofaffin safar tare naushi masu kauri a ɗakin kaya, don hannuna ba zai ƙara ɗaukar ganganci ba. Mun kai ga zagaya tsakar gida. Ran nan har bakin titi muka fita, ina ja da baya yana bi na, mai gyaran takalmi yana yi mana tafi.

Jiya muna hutawa a inuwa na tambayi 'yar ko sauran abokan sana'a suna leƙo shi. Ta ce waɗanda suka yi wasa da shi wasu sun rasu, wasu suna kwance, wasu ba sa gane ko 'ya'yansu. Yana jin mu. Sai ya kama hannun rigata ya fara magana. Ya daɗe yana fama da kalmomin, na kai kunne kusa da bakinsa, 'yar tana cike min abin da ya kuɓuce.

Ya ce ya ji haushina shekaru masu yawa, don ni kaɗai na rage masa. Ya ce shi bai samu mai tsayawa a bakin ƙofa ta hana shi ba, kowa tafi yake yi masa. Sannan ya ce, "Ka gaya wa matarka na gode. Da ta bar min kai a lokacin, yau wa zai tashe ni?"

Na yi alkawarin isar da saƙo, ga shi na isar. Ga kuma nawa a kai, wanda ya kamata a ce kin ji tun tuni. Ina ɗaure igiyar takalmina da kaina. Na san sunan kowane ɗa da muka haifa. Ina riƙe biro in rubuta wa matata takarda, kuma in angonki ya girma ya tambaye ni me ya sa babu hotona a bangon nan, da bakina zan ba shi amsa. Na gode, Alƙaliya. Allah ya saka miki da alheri, ya bar mu tare.

Ki gai da mai jego da mijinta. Ki dawo haka nan, gidan ya yi min faɗi.

Mijinki,
Katanga