Zabuwar da Sanusi Ya Bari Ta Wuce

Zuwa ga Kawu Maidaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga ƙanen mahaifiyarsa, yau shekara uku ke nan da muka kai ka makwancinka.

Ɗanka Sanusi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Alhamis ya taso daga Ɗan Kassari a babur ya same ni a Dutsi, da sabuwar bindigar farauta da takardar izininsa. Ba irin taka ba ce mai baki biyu. Bakinta ɗaya, amma ta zo da ƙananan bututu uku da ake murɗawa a bakin. Akwai buɗaɗɗe, mai watsa dalma ga abin da ke kusa. Akwai matsattse, mai tattara ta ya kai ta nesa, sai kuma na tsaka-tsaki. Har ya murɗa matsattsen, wai don kada wata zabuwa ta yi masa nisa.

Nan take, Kawu, na tuna da kaina.

Ka tuna hutun da na dawo daga lakwal, makarantar boko, kaina cike da karatu? Ka nuna mini bakin dama na bindigarka na kusa ne, na hagu na nesa, amma ko da na hagun ba ka harbin abin da ya wuce taku arba'in. Na ce a littafi ya fi haka kaiwa. Ba ka yi gardama da ni ba.

Washegari, bayan gonar gero, zabuwar daji ta fito can nesa. Na harba da bindigarka. Gashi ya tashi, ta ja ƙafa ta shige cikin sabara. Muka bi jini har la'asar. Sai bayan kwana biyu ka same ta, tururuwa sun rufe ta, ba ta samu yanka ba. Abin da ka ce kawai: "Ba ka ci ba, ba ka bar ta ta rayu ba."

Ban taɓa ba ka haƙuri ba. Girman kan ɗan boko ya hana ni, har ka tafi.

Shi ya sa ranar Asabar na bi Sanusi daji. Muka manna takardun buhun siminti a jikin itacen gao, ya gwada kowane bututu a taku ashirin, talatin, arba'in, sittin. Ya ga a kusa matsattsen yana farfasa takarda, da nama ne sai dai a zubar. A sittin kuwa hudoji ne jefi-jefi, waɗanda za su karya ƙafa ba su kashe ba. Da hannunsa ya cire shi ya sa na tsaka-tsaki.

Muna komowa, zabbi suka ɓullo gefen fadama. Ya ɗaga bindiga. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga taku, kamar yadda naka yake yi. Sun wuce arba'in, sai ya sauke.

Hannu wofi muka koma gida, Kawu. Haƙurin da ban ba ka ba ke nan, ka karɓa.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗan yayarka,
Malam Isuhu