Ni na tsiyaye idon Bitrus ranar Jumma'a Mai Kyau

Salamar Ubangiji a gare ku, mai kula da shafin nan da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, don tsinuwar da nake yi wa kaina ma ta ishe ni.

Ni Kirista ne, mutumin Zuru, aiki ya kawo ni Kalgo. Ikilisiyarmu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Ina da maƙwabci ɗan kabu-kabu, bari in kira shi Bitrus, Yaya yake ce mini. Wata rana na daki matata har leɓenta ya fashe, shi ya haura katanga ya raba mu, shi kuma ya kai maganar gaban dattawan coci. Aka sa ni horo wata shida: zaman bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a coci don tuna mutuwar Yesu. Da horon ya ƙare na rungume shi a gaban jama'a na ce komai ya wuce. Allah ya sani ƙarya nake yi.

Da bikin Ista ya matso aka shirya wasan kwaikwayon gicciye. Bitrus aka ba Yesu saboda gemunsa, ni da bakina na roƙi a ba ni sojan da zai yi masa bulala. Bulalar wasan ta tsumma ce, matan zumuntar coci suka kitsa suka jiƙa ta da jan rini. Ni kuwa na tafi kasuwar Gwandu na sayo dorina, na naɗe ta da irin tsumman nan. Ina azumi fa na yi wannan! Wane irin mutum ne ni?

Ranar Jumma'a da rana tsaka ya saɓo gicciye a harabar coci. Da na zabga masa ta farko ya gantsare, ya waiwayo ya dube ni. Na ƙara, na ƙara, jininsa ya cuɗe da rinin, mata suna kuka suna cewa wasan bana ya shiga jiki. Ya ce a hankali, "Yaya, sassauta." Wannan kalmar ce ta ƙara tunzura ni. Wani tsoho Bafillace da ke leƙe ta kan katanga ya kwarma ihu, "Ku riƙe shi! Wanga ba wasa ba na!" Aka yi masa dariya. Bitrus ya faɗi, ya ɗago fuska, bakin dorinar ya same shi a idon hagu. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Cikin rububin na jefa dorinar a masai.

A asibiti Fasto ya tambaye shi abin da ya faru, ina tsaye a wurin. Sai ya ce, "Baba Fasto, ƙusar gicciye ce ta soke ni da na faɗi." Da aka fita muka rage mu biyu, ya ce, "Yaya, bayana ya san abin da ya sha. Ni dai na yafe, saura kai da Ubangijinka."

Idon ya tafi. Ya sayar da babur, matarsa ce ke tuyar ƙosai suna ci. Ita ta wanke masa raunukan bayan, shi ya sa ko gaisuwata ba ta amsawa. Kuma shi ke zagawa da ƙoƙon Jibi a coci. Ya miƙo mini da ido ɗaya, in karɓa in sha, in ji kamar garwashi na haɗiya. Da ya rama, da ya fasa mini kai, ai da na samu sauƙi.

Yanzu dattawa sun sa sunana cikin waɗanda za a naɗa dattijo, wai saboda yawan zuwana duba Bitrus. In na faɗi gaskiya, 'yan'uwansa ba za su bar ni da idona ba, ga 'yan sanda, ga 'ya'yana. In na yi shiru, da wane hannu zan sa wa mutane albarka?

Jama'a, ku gaya mini tsakani da Allah. Me zan yi?