Gawon da Ka Hana a Sassara

Zuwa ga Yayana Isufu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, tare da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama a makwancinka. Ni ne Laminu. Labarin rasuwarka ya iske ni nan Kumasi ta waya, bayan an riga an watse daga zaman makoki. Ban zo ba. Gwiwoyina ba su ɗaukar doguwar mota yanzu, kuma ka san ni da kai mun daɗe ba mu da ta cewa.

Har yau gadi nake yi a wani wurin tsaga katako. Kullum manyan motoci na shigowa daga kurmi da gungumen da hannun mutum biyu ba ya zagaye shi, ba mai tare su, ba mai tambayar inda aka saro. In na gan su sai ka faɗo mini a rai.

Kai ne na farko a gidanmu da ya yi lakol, makarantar boko. Ran da ka dawo ƙauye da koren kaki da hula a karkace, Baba ya zagaya da kai gida gida, yana cewa ɗansa ya zama mai gandun daji. Mutane suka yanke sunan, suka bar maka Gandu. Aka fara kai ka Agiye, wurin renon itatuwa. Na ziyarce ka can, na iske ka kana ɗibar ruwa da kanka kana bai wa 'yan dashen bedi, wato dogon yaro, kana yi musu magana kamar jarirai. Akasarinsu iska da awaki suka cinye. Ba ka daina ba. Wannan zan faɗa gaban kowa: ba don kaki kaɗai ka shiga aikin nan ba, kana son icce.

Amma kakin ya zo da dokarsa. A zamanin nan kowane gawo na gwamnati ne, ko da tsakiyar gonar da kakanka ya sara yake. Ka taɓa reshe, tara. Ka yi gardama, jandarma.

Ka san Bappa Juli kafin ka san lakol. Bafulatanin nan ne aminin Baba, wanda kowane rani ke sauka da shanunsa a gonarmu ta bakin Gulbin Kaba. Shanu su kwana su zuba mana taki a gona, Baba ya ba shi damman hatsi, matarsa ta aiko mana da nono. In rani ya yi nisa ciyawa ta ƙare, sai ya hau gawon gonar da barandaminsa ya sassaro wa shanu ganye, tun da gawo shi da rani yake kore, lokacin da kome ya bushe. Ba wanda ya rubuta wannan. Uban Baba da uban Bappa suka fara, su suka gada. Baba kan ce, “Gonar tawa ce, gawon na Juli ne.”

Sai aka yi fari. Na farko ya kwashe masa fiye da rabin garke. Bai gama farfaɗowa ba na biyu ya zo, wanda ya fi. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji, kajin ma aka cinye su. Mata suka shiga daji tsinkar anza, su jiƙa ta a ruwa har ɗacinta ya ragu a dafa. A shekarar aka maido ka Gazawa, kusa da gida, aka ba ka ɗan babur mobilet, aka ce daga gari har bakin gulbi gawon da ke tsaye amanarka ne.

Bappa ya iso gonarmu da 'yan shanun da suka rage masa, suna tafiya suna haɗa gwiwa. Wata jar nagge sai an kama mata wutsiya an ɗaga take tashi. Rayuwarsu duka tana saman itatuwan nan, kowa ya sani, kai ma ka sani.

Ina gonar ran da ka zo. Bappa ya riga ya ɗora ƙafa a gindin gawon, barandami a kafaɗa. Ka kashe mobilet, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ka tambayi matarsa Inna Hajjo da yara. Sannan ka miƙa hannu ka ce ya ba ka barandamin.

Ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Ya ce, “Isufu, kai da na ɗora bisa wuyana ka tsinki 'ya'yan iccen nan? Nagge ba ta san takarda ba, ɗana.” Ka ce ya tsinci abin da ya faɗo ƙasa, ya kaɗa da ƙugiya in ya so, amma ƙarfe ba zai taɓa reshe ba. Ya dubi ƙasa. Me ya faɗo? A shekarar gawon ma bai yi 'ya'yan kirki ba.

Baba ya zo da sandarsa yana haki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Gandu,” kuma ran nan ne farkon da ya kira ka da sunan da gari ke kiranka, “ubana ya yi wa uban Juli alkawari tun babu buro, ofishin nan naku, a Gazawa.” Ka ce masa a satin nan ka kai mutanen wajen Cadawa gaban jandarma kan reshe ɗaya, cikinsu har da tsohon da ya girme shi. In ka kau da kai a gonar ubanka, da wane baki za ka tare wani gobe? Ka ɗaure barandamin a bayan mobilet ka tafi.

Na zage ka a ranar, zagin da ƙane bai kamata ya yi wa wansa ba. Amma bari in faɗi ɗaya gefen, tun da ba ka nan balle ka faɗa da kanka. Tuwon da na ci na samu ƙarfin zaginka, da albashinka aka sayi garinsa. Gidanmu kaf kakin nan ke ciyar da shi a shekarar, kuma shef ɗinku, shugabanku na aiki, ya gaya maka in reshe ya faɗi a gonar ubanka ka tuɓe shi ka ajiye. Na kuma ga gonakin da aka bi da sara a ɓoye. An yi wa itatuwan ƙwal, ƙasa babu laima, ba su sake toho ba har yau. Ka aiko wa Bappa da buhun dusa, na san daga bakin 'ya'yanka ka cire shi. Bai kai ko'ina ba.

Shanun suka riƙa faɗuwa a inuwar gawon, ganye kore shar a saman kansu. Jar naggen ce ta ƙarshe. Bappa ya yanka ta kafin ta mutu, aka rasa abin ɗauka a jikinta sai fata.

Daga ran barandami Baba bai sake cin abin da ya fito daga hannunka ba. In Innarmu ta kawo tuwo sai ya tambaya, “Na gwamnati ne?” Ya ture ƙwaryar, ya ce a ba shi anza. Tsoho ne, cikinsa bai ɗauka ba. Ka zo ka durƙusa bakin ɗakinsa ya fi a ƙirga, yana amsa sallamarka, ba ya ƙara kome. Kafin saukar ruwan farko, Baba ya cika.

Ka san ba a rufe kabari sai an jera itatuwa a bakinsa. A shekarar an yi mutuwa har tukwanen da ake fasawa a rufa da su sun ƙare, darnin gidaje duk an ƙone shi a murhu. Icce mai kauri da ya rage kusa, na gonarmu ne. Aka gama haƙa, mazan gari suka zauna da gaturansu a cinya, ba wanda ya motsa. Baba na kwance cikin likkafani, rana na dukansa. Wani dattijo ya ce, “To, Gandu, muna jiran izini. Ko da takarda za mu rufe shi?”

Ka karɓi gatarin da ke kusa da kai, ka cire takalmi, ka hau gawon da kakinka. Ba ka iya hawa ba, ƙaya ta yayyage maka hannu. Muna tsaye muna jin sara, rassa na faɗowa.

Bappa Juli ne ya zauna yana sassaɓe ganyen daga jikin rassan, yana tarawa gefe ɗaya a tsanake, yadda hannunsa ya saba. Da ya gama ya rungumi tarin ya miƙe, ya juya yana duba gonar. Ba saniya ko ɗaya da zai zuba wa. Sannan ya ajiye, ya kakkaɓe hannu, ya zo aka ɗauki amininsa.

Bayan sadaka ya tafi kudu da iyalinsa. Na ji an gan shi yana kiwon shanun wani alhaji a hayin iyaka. Kai kuma wani ya kai ƙararka, aka cilla ka can wajen Gidan Rumji, ka ƙarasa aikinka ba ƙarin girma. Ni na fita cin rani, ga shi ban koma ba.

Yanzu an ce dokar ta sassauta. Manomi na barin toho a gonarsa, ya gyara, ya sare abinsa, samarin gandun daji ma su ke zuwa suna nuna yadda ake yi. An ce ƙasarmu ta yi duhu da icce. Da sun yi wannan hankalin tun da wuri, Yaya, da ba a sa ka zaɓi tsakanin tuwon gidanmu da maganar ubanka ba. Waɗanda suka rubuta dokar sun mutu a gadajensu, ba wanda ya zauna musu da gatari a bakin kabari.

Ban ce ka yi daidai ba. Na kuma juya abin shekara da shekaru, ban samo abin da zan yi ba da ni ne cikin kakin.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yafe mana. Allah Ya jiƙan Baba da Bappa Juli. Ya haɗa ku inda ba fari, Ya sa Baba ya karɓi ƙwarya daga hannunka.

Ƙanenka,
Laminu