Ɗanki Ba Ɓarawo Ba Ne

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya kuma ƙarin haƙuri? Yara suna gaishe ki.

Inna, sai da mai wankan gawa ya ce ya ga harshen ɗanki a cije, gefen dama, inda ya saba cizawa, sannan na gane abin da ya faru. Ciwon ne ya tashi masa a kasuwa, wataƙila a lungun bayan shaguna inda ba wanda ya gani.

Kin san yadda yake in ya farfaɗo. Ido a buɗe, amma hankali bai dawo ba, ya yi ta kwasar duk abin da hannunsa ya kai. A gida takalman yara yake tattarawa, daga baya mu yi masa tsiya, shi ma ya yi dariya. Ran nan bandir ɗin yadi ya ɗauka, a shagon da ba a san shi ba.

Aka yi ihun ɓarawo. Da sandar awon yadi aka fara, sai katako, sai bulo. Sun karya masa hannun da ya saba riƙe almakashin ɗinki da shi, sun fasa masa kai. Wani mai gyaran takalmi ya ce ana ta tambayarsa sunansa yana kallonsu kawai, suka ce taurin kai ne, suka ƙara masa.

Shekara tara ina ba shi ƙwayarsa safe da yamma ba fashi. Na hana shi kulle banɗaki, na hana shi zama kusa da wuta. Likita ta ce ya riƙa yawo da takardar bayanin ciwonsa a aljihu. Wannan kaɗai ne ban bi ba, saboda alkawarin da kika sa na ɗauka: kada a ji a waje, don kada ƙannensa mata su rasa miji.

Ban ɗora miki laifi ba, wallahi. Amma jiya babbar jikarki ta dawo daga makaranta leɓe a fashe. An kira ta 'yar ɓarawo, ta yi dambe.

Na san auta ba ta yi aure ba tukuna. Duk da haka ina roƙon ki yafe mini alkawarin nan, in je in tsaya a bakin shagon in gaya musu farfaɗiya ce. Allah ya jiƙansa, ya bar mana ke. Har yau ban faɗa wa kowa ba, amsarki nake jira.

Taki,
Matar ɗanki