Kalar Fitilar Motar Marigayi

Litinin, 3 ga Maris

Jikata, wadda nake kira Injiniya, ta baje wayoyi a teburin ɗinkina. Wai agogo take haɗawa, za ta sa a motar marigayi kakanta, a ramin tsohon agogon da ya mutu. Allon bai fi akwatin ashana ba. Na ce, "Duk wannan shirgin don ki san ƙarfe nawa? Ki tambaye ni mana, kyauta ne."

Laraba, 5 ga Maris

Ikon Allah! Ta nuna min ta gilashin ƙara girma: ashe cikin allon ƙananan fitilu ne uku-uku, ja da kore da shuɗi, ba su kai ƙwayar yashi ba. Ta juya wani maɓalli, sai ga ruwan hoda, sai ga ruwan toka. Shekara arba'in ina yawon kanti neman zaren da ya dace da yadi, ga shi yarinya tana rina haske da yatsa biyu. Ban nuna mata na yi mamaki ba, kada kanta ya kumbura.

So take kalar ta zo daidai da fitilun gaban motar, na wajen sitiyari.

Alhamis, 6 ga Maris

Da hantsi ta ja ni gareji, ta rufe ƙofa, ta kunna fitilun. Daga wajen motar na tsaya na leƙa. Tun rasuwarsa ban zauna a kujerar nan ba.

Ta ce, "Kaka, ya yi ko?" Na ce bai yi ba. Nata kore ne tsagwaro, na motar kuwa da ɗan ja a ƙarƙashi, kamar lemon da ya fara nuna. Ta ce ta ɗauki hoto da waya, lambobin sun zo ɗaya. Na ce to wayar ta je asibiti.

Asabar, 8 ga Maris

Na ji ɗana, baban Injiniya, a falo, da muryar nan tasa da yake zaton raɗa ce: "Ki bar ta, idon Mama ne ya fara tafiya." Ni da na zaɓi zaren rigar aurensa! Na shiga ɗaki na gwada zura zare a allura. Sau bakwai kafin ya shiga. Ban gaya wa kowa ba.

In su ne da gaskiya fa?

Lahadi, 9 ga Maris

Ban je gareji ba. Na ce ƙafa ke min ciwo.

Talata, 11 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta.

Makanike ya zo ya kwance gaban motar don a zura wayar agogon. Can sai ga Injiniya a guje, hannunta a dunƙule. Ƙwayayen fitila ne guda huɗu, kowanne an shafe shi da jan farce, siriri, har sawun burushi ana gani. Makanike ya ce, "Mama, wannan ba aikin kamfani ba ne, wani ne ya zauna ya yi." Ya ce na ɓangaren fasinja ma shafi biyu aka yi musu.

Sai na tuna. Shekarar da aka sayi motar na ce wa marigayi hasken nan yana sokar min ido. Ya ce, "Ki rufe idon mana." Shi ke nan abin da ya ce. A makon kuma kwalbar jan farcena ta ɓace, na ɗora wa ƙanwarsa laifi, muka yi wata biyu ba ma gaisawa. Yana zaune yana jinmu, munafukin Allah, yana shan shayinsa!

Shekara ashirin da shida ina kallon hasken nan ban sani ba.

Baban Injiniya ya daɗe yana juya ƙwan a tafin hannunsa. Yau na ƙyale shi. Gobe zan tuna masa maganar idona.

Laraba, 12 ga Maris

An mayar da ƙwayayen yadda suke. Injiniya ta ajiye wayarta, ta miƙo min maɓallin, ta ce, "Kaka, ke za ki rina." Na ƙara ja kaɗan, na rage, na sake ƙarawa kamar gishiri a miya. Sai kawai agogon ya ɓace cikin sauran fitilun, kamar tare aka haife su. Ta rubuta lambobin a takarda, ta sa musu suna wai kalar Kaka.

Juma'a, 14 ga Maris

Daga waje ba a ganin kala sosai, shi ya sa na shiga na zauna, ba don komai ba. Kujerar tana nan yadda na bar ta, an matsar da ita baya saboda gwiwata. Injiniya ta ce ko mu ɗan zaga? Na ce agogon nake so in gani ko yana jure gargada.

Mun biya ta gidan ƙanwar marigayi. Da sabuwar kwalba a jakata.